Michael Faraday (1791–1867): Ɗan Maƙerin Da Ya Haɗa Lantarki Da Maganaɗisu

Gabatarwa

Akwai ƙarfi iri uku waɗanda kowane ɗalibin kimiyya yakan ci karo da su tun yana makarantar sakandare. Na farko shi ne ƙarfin jan ƙasa, wanda ke sa mangwaro ya faɗo in ya tsinke daga reshe. Na biyu shi ne ƙarfin maganaɗisu, watau mayen ƙarfe, wanda ke jawo allura ko ƙusa. Na uku kuwa shi ne ƙarfin kwantaccen lantarki, wanda ake gani in aka goga matajin roba a gashi, musamman da hunturu, aka kusantar da shi ga yagaggun takardu, sai su zabura su manne masa. Abin da ya haɗa su ukun shi ne kowannensu yana aiki ba tare da abu ya taɓa abu ba. To, ta yaya abu zai ja wani abu alhali akwai rata tsakaninsu, ba igiya ba sanda? Neman amsar wannan tambaya shi ne ya cinye rayuwar wani Baturen Ingila mai suna Michael Faraday.

Manufar wannan maƙala ita ce a kawo taƙaitaccen tarihin wannan bawan Allah, a nuna asalinsa da wahalar da ya sha wajen neman ilmi, sa'an nan a bayyana abin da ya gano game da waɗannan ƙarfafa uku, da kuma inda ya nema bai samu ba.

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Michael Faraday ran 22 ga Satumba, 1791, a Newington Butts, wani gari da yanzu birnin Landan ya haɗiye ta wajen kudu. Mahaifinsa, James Faraday, maƙeri ne da ya yi ƙaura daga arewacin Ingila don neman abin kai wa baka. Sunan mahaifiyarsa Margaret, kuma shi ne na uku cikin 'ya'yansu huɗu. Uban ba ya da cikakkiyar lafiya, saboda haka talauci ya yi wa gidan katutu. A shekarar 1801, sa'ad da abinci ya yi tsada a Ingila, akwai lokacin da aka ba yaron burodi guda ɗaya aka ce ya lallaɓa shi har mako. Iyayensa mabiya wata ƙaramar ɗariƙar Kirista ce ta Sandeman, wadda ta ba da ƙarfi ga tawali'u da gudun tara dukiya, kuma wannan tarbiyya ba ta rabu da shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Karatun da ya samu a makaranta bai wuce karatu da rubutu da ɗan lissafi ba. Yana da shekara 13 ya fara aikin kai jaridu gida gida a kantin wani mai sayar da littattafai, George Riebau. Da maigidan ya ga hankalinsa, sai a shekarar 1805 ya ɗauke shi almajirin ɗinkin littattafai da yi musu bango na tsawon shekara bakwai. A nan ne arziki ya kira shi, domin kuwa littafin da aka kawo ɗinki ba ya barin hannunsa sai ya karanta shi. Ya karanta bayanin lantarki a cikin kundin Encyclopaedia Britannica, ya kuma karanta wani littafin koyon kemistiri cikin sauƙi wanda wata mata mai suna Jane Marcet ta rubuta. Bai tsaya ga karatu kawai ba, sai ya riƙa tara 'yan kuɗinsa yana sayen tarkace, har ya haɗa na'urar samar da kwantaccen lantarki da tsohuwar kwalba da katako, don ya ga abin da idonsa. Tun daga wannan lokaci ya ɗauki ɗabi'ar da aka san shi da ita, watau ba ya amincewa da wani bayani sai ya gwada shi da hannunsa.

Shigarsa Fagen Kimiyya

A shekarar 1812 wani mai hulɗa da kantin ya ba shi tikitin sauraron laccoci huɗu na Humphry Davy, shahararren masanin kemistiri na cibiyar Royal Institution da ke Landan. Faraday ya rubuta abin da ya ji dalla-dalla, ya zana hotunan gwaje-gwajen, ya ɗinke su suka zama littafi mai shafi wajen 300, ya aika wa Davy tare da takardar neman aiki. Ana nan sai aka sallami wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje saboda faɗa, Davy ya tuna da yaron nan mai ɗinkin littattafai. Ran 1 ga Maris, 1813, aka ɗauke shi aiki a kan sule 25 a mako da ɗakin kwana a saman ginin. Aikinsa na farko bai wuce wanke kwalabe da shirya kayan gwaji ba.

A watan Oktoba na wannan shekara Davy ya tafi da shi yawon Turai, suka shiga Faransa da Italiya da Suwizalan, ba su komo ba sai watan Afrilu na 1815. Tafiyar ta zame masa zuma da maɗaci. An tilasta masa yin aikin baran gida ban da aikinsa na mataimaki, uwargidan Davy kuma ta riƙa wulaƙanta shi saboda ƙasƙancin asalinsa. Amma ya daure, domin a cikin tafiyar ne ya sadu da manyan masana irin su Ampère a Faris da Volta a Milan. Wannan tafiya ta wata goma sha takwas ita ce ta tsaya masa a matsayin jami'a.

Yadda Ya Tarar da Ilmin

Kafin mu shiga aikinsa, ya kamata mai karatu ya san inda magabata suka kai. A shekarar 1600 William Gilbert ya nuna cewa ita kanta duniya babban maganaɗisu ce, shi ya sa allurar kamfas take fuskantar arewa. Kowane maganaɗisu yana da kai biyu, arewa da kudu. Kawuna iri ɗaya suna tunkuɗe juna, mabambanta kuwa suna jan juna, kuma ko an karya maganaɗisu biyu, kowane ɓari zai fito da nasa arewa da kudu.

A shekarar 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa kowane abu mai jiki yana jan kowane abu, kuma ƙarfin da ke faɗo da 'ya'yan itace shi ne ke riƙe da wata yana kewaya duniya. Wannan ja yana ƙaruwa gwargwadon yawan jikin abubuwan biyu, yana kuma raguwa da nisa bisa ƙa'ida tabbatacciya: in nisa ya ninka biyu, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, in ya ninka uku, ya koma kashi ɗaya cikin tara. A shekarar 1785 wani Bafaranshe, Charles Coulomb, ya auna ƙarfin da ke tsakanin ƙwallaye biyu masu ɗauke da cajin lantarki, ya tarar shi ma wannan ƙa'ida ta nisa yake bi. Bambancin dai shi ne caji iri biyu ne, saboda haka lantarki yana ja yana kuma tunkuɗewa, amma jan ƙasa ja kawai yake yi. Sai kuma a shekarar 1800 Volta ya ƙera batir na farko, aka fara samun lantarki mai gudana cikin waya ba yankewa.

Yawancin masanan wancan zamani sun ɗauka cewa waɗannan ƙarfafa suna tsallake ratar da ke tsakanin abubuwa nan take, kuma a miƙe, ba ruwansu da abin da ke tsakani. Lissafinsu yana fita daidai, saboda haka ba su damu da neman dalili ba. Faraday kuwa, da yake bai yi zurfi a lissafi ba, dole ta sa ya nemi hanyar da zai kwatanta abin a zuciyarsa, kuma wannan rashi ya zame masa alheri.

Haɗuwar Lantarki da Maganaɗisu

A shekarar 1820 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Oersted, ya lura cewa in lantarki na gudana cikin waya, allurar kamfas da ke kusa sai ta juya ta gitta wayar. Wannan ne karon farko da aka tabbatar akwai dangantaka tsakanin ƙarfafan biyu. Faraday ya maimaita gwajin, ya fahimci cewa ƙarfin yana kewaya wayar ne kamar zobe. A watan Satumba na 1821 ya kafa maganaɗisu a tsaye cikin ƙoƙon da ya zuba wa zaiba, ya rataya waya daga sama bakinta na taɓa zaibar, ya haɗa da batir. Nan da nan wayar ta shiga kewaya maganaɗisun ba tsayawa. Wannan ɗan ƙaramin abu shi ne kakan duk injin da lantarki ke juyawa a yau, tun daga fanka har injin niƙa.

Nasarar ta jawo masa baƙin jini. Aka zarge shi da ɗaukar dabarar William Wollaston, abokin Davy, ba tare da ya ambace shi ba, ko da yake gwajin Wollaston dabam ne kuma bai yi nasara ba. Dangantakarsa da maigidansa ta yi tsami, har Davy ya yi ƙoƙarin hana a zaɓe shi cikin ƙungiyar masana ta Royal Society. Duk da haka aka zaɓe shi a shekarar 1824. A cikin waɗannan shekaru ya fi mai da hankali ga kemistiri: ya mai da iskar kulorin ta zama ruwa a 1823, ya gano sinadarin benzin a 1825, a shekarar kuma aka ba shi shugabancin ɗakin gwaje-gwajen cibiyar.

Amma akwai tambayar da ta hana shi sakat. Tun da lantarki yana haifar da maganaɗisu, ashe maganaɗisu ba zai haifar da lantarki ba? Ya gwada sau da dama bai dace ba. Sai ran 29 ga Agusta, 1831, bayan rasuwar Davy da shekara biyu, ya sami zoben ƙarfe mai faɗin inci shida, ya naɗa wayar jan ƙarfe a gefe ɗaya, ya naɗa wata dabam a ɗaya gefen, ba su taɓa juna. Ya haɗa ta farko da batir, ta biyu kuma da allura mai nuna gudanar lantarki. Sai ya ga allurar tana zabura a daidai lokacin da ya haɗa batir, da kuma lokacin da ya cire shi, amma a tsakani tana nan shiru. Ashe sirrin yana cikin canji ne. Maganaɗisun da ke zaune wuri ɗaya ba ya haifar da komai, sai in ƙarfinsa na ƙaruwa ko raguwa, ko kuma yana motsi. Ran 17 ga Oktoba ya tabbatar da haka ta hanyar zura sandar maganaɗisu cikin naɗin waya yana zare ta. Kafin watan ya ƙare ya juya faifan jan ƙarfe tsakanin kawunan wani babban maganaɗisu, ya sami lantarki mai gudana ba yankewa. Zoben nan shi ne asalin taransifoma, faifan kuma shi ne asalin janareta. Wani Ba'amurke, Joseph Henry, shi ma ya gano irin wannan a nasa ɓangaren, amma Faraday ya riga shi bugawa.

Kwantaccen Lantarki da Layukan Ƙarfi

A shekarar 1833 ya nuna cewa lantarkin da ake samu ta guga, da na batir, da na maganaɗisu, har da na wasu kifaye masu girgiza mutum, duk abu ɗaya ne. A shekarar 1836 ya gina wani akwati mai ƙafa 12 ta kowane gefe, ya lulluɓe shi da waya da takardar ƙarfe, ya cika shi da caji har tartsatsi na tashi daga jikinsa, sa'an nan ya shiga ciki da na'urorin awo ya zauna. Bai ji komai ba, na'urorin ma ba su motsa ba. Wannan ya tabbatar da cewa caji yana zama a bayan ƙarfe ne, ba ya shafar abin da ke cikinsa. Dalilin ke nan da ya sa wanda ke cikin mota mai jikin ƙarfe yake samun kariya in tsawa ta faɗa mata. A shekara mai bi kuma ya gano cewa yawan cajin da faranti biyu za su riƙe ya danganta da abin da ke tsakaninsu, ko iska ce, ko gilashi, ko farar wuta.

Wannan sakamako ya ƙarfafa ra'ayinsa cewa ratar da ke tsakanin abubuwa ita ce matattarar aikin. Duk wanda ya barbaɗa garin ƙarfe a kan takarda, ya sa maganaɗisu a ƙarƙashinta, zai ga garin ya jeru cikin layuka masu lanƙwasa daga wannan kai zuwa wancan. Faraday ya kira su layukan ƙarfi, ya ɗauka cewa suna nan da gaske ko babu garin ƙarfe. Inda suka cunkushe, ƙarfi ya yi yawa. Inda suka warwatsu, ya yi rauni. Kuma lantarki yana gudana cikin waya ne in ta yanke waɗannan layuka. Daga nan ne aka sami abin da ake koya wa ɗalibai yanzu da sunan fagen ƙarfi, watau yankin da ke kewaye da maganaɗisu ko caji ko duniya, inda wani abu zai ji ja ko tunkuɗa in ya shigo.

Yawan aiki ya kayar da shi a shekarar 1839, ya yi fama da jiri da mantuwa, ya yi shekaru bai yi bincike sosai ba. Da ya farfaɗo, a watan Satumba na 1845 ya aika haske ta cikin wani gilashi mai nauyi wanda shi ya haɗa da kansa, ya sa shi tsakanin kawunan maganaɗisu mai ƙarfi, ya ga maganaɗisun ya karkatar da yanayin kaɗawar hasken. Haske ma ke nan ya shigo cikin dangin.

Inda Ya Nema Bai Samu Ba

Saura jan ƙasa. Faraday ya yi imani cewa duk ƙarfafan halitta tushensu ɗaya, saboda haka a shekarar 1849 ya shiga neman dangantaka tsakanin jan ƙasa da lantarki. Ya riƙa sako gumakan jan ƙarfe da gilashi da wasu abubuwa daga saman ɗakin lacca, yana duba ko faɗuwarsu za ta haifar da lantarki cikin naɗin waya. Bai ga komai ba, kuma ya bayyana wa 'yan'uwansa masana haka a fili, ko da yake bai janye imaninsa ba. Bayan shekara goma ya sake gwadawa da ƙaton curin darma a wata doguwar hasumiya kusa da kogin Thames, nan ma bai dace ba.

Ilmin da aka samu daga baya ya nuna girman abin da ya tunkara. Jan ƙasa shi ne mafi rauni cikin ƙarfafan uku nesa ba kusa ba. In aka ɗauki ƙwayar ilektiron da ƙwayar furoton, jan lantarkin da ke tsakaninsu ya ninka jan nauyinsu sau adadin da za a rubuta da lamba 2 da sifiri 39 a bayanta. Shi ya sa ɗan maganaɗisu da bai fi yatsa ba yake ɗaga ƙusa, alhali duniya gaba ɗaya tana jan ƙusar ƙasa. Abin da ya sa jan ƙasa ke mulkin taurari shi ne ba ya da kishiya mai soke shi, sai dai ya yi ta taruwa, amma caji iri biyu suna soke juna a cikin yawancin abubuwa. Har yau masana ba su kammala haɗa jan ƙasa da sauran ƙarfafan cikin bayani guda ba.

Halinsa da Koyarwarsa

Faraday ya auri Sarah Barnard a shekarar 1821, suka zauna lafiya har mutuwa ta raba, Allah bai ba su haihuwa ba. Amma ya ɗauki 'ya'yan jama'a tamkar nasa. Laccocin yara na lokacin Kirsimeti, waɗanda aka fara a cibiyar a shekarar 1825, shi ya gabatar da su har sau 19. Na shekarar 1859 sun tsaya ne a kan ƙarfafan halitta da dangantakarsu, inda ya bi da yara daga jan ƙasa har zuwa maganaɗisu da lantarki, kowane bayani da gwajinsa a gaban idonsu.

Ya yi wa ƙasarsa hidima ta fuskoki da dama. Ya yi kusan shekara talatin yana ba da shawara kan fitilun da ke shiryar da jiragen ruwa a gaɓar teku. A shekarar 1844 ya binciki fashewar ramin kwal na Haswell, inda mutum 95 suka halaka. Amma da aka nemi taimakonsa wajen haɗa iskar guba lokacin yaƙin Kirimiya, ya ƙi. Ya rage aikin 'yan kasuwa mai kawo kuɗi don ya sami lokacin bincike, ya kuma ƙi karɓar shugabancin Royal Society da aka yi masa tayi.

A shekarar 1858 ya koma wani gida a Hampton Court wanda Sarauniya Biktoriya ta ba shi. Mantuwa ta yi ta ƙaruwa har ya bar aiki. Ya rasu ran 25 ga Agusta, 1867, yana da shekara 75, aka binne shi a maƙabartar Highgate ba tare da wani gagarumin biki ba, kamar yadda ya so.

Kammalawa

A zamaninsa masana lissafi da yawa sun ɗauki layukan ƙarfi a matsayin tatsuniyar wanda bai iya lissafi ba. Sai wani saurayi ɗan Sikotilan, James Clerk Maxwell, ya ɗauki ra'ayin tun daga shekarar 1855, ya zuba shi cikin lissafi, kafin shekarar 1865 ya nuna cewa haske kansa igiyar lantarki da maganaɗisu ce mai tafiya cikin sarari. A shekarar 1915 Albert Einstein ya bayyana jan ƙasa shi ma ta hanyar fage. Don girmama shi ne aka sa wa ma'aunin yawan cajin da abu ke iya riƙewa suna farad.

Mu ma nan ba mu rasa rabonmu ba. A madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a shekarar 1968, jan ƙasa ne ke gangaro da ruwan Kwara ya juya injuna, injunan su juya maganaɗisu kusa da naɗin waya, lantarki ya fito, taransifoma ta ɗaga ƙarfinsa a aika shi garuruwa. Matakai biyu na ƙarshe sun tsaya ne a kan gwaje-gwajen watannin Agusta da Oktoba na 1831.

Darasin da ke cikin wannan tarihi ya shafi malamai da ɗalibai baki ɗaya. Yaron nan ya shiga kimiyya ne domin ya sami littafin da aka rubuta cikin sauƙi da harshen da yake ji, ya kuma sami maigidan da bai hana shi karantawa ba. Akwai 'ya'yan maƙera da na manoma masu irin wannan basira a garuruwanmu da ƙauyukanmu, kuma da yawansu za su fi saurin gane maganaɗisu da lantarki da jan ƙasa in an bayyana musu da Hausa. Samar da kalmomin da rubuta littattafan aiki ne da ya rataya a wuyan masu nazarin harshen tare da malaman kimiyya.